Baba Soja: Ɗan Maraɗi da Yaƙin Turawa Ya Biyo Har Gida



Lokacin da kwamitin shirya wannan ɗan littafi ya ce kowa ya kawo abin tunawa, yawancinmu mun nufi malamai da dattawan da suka yi wa unguwanninmu hidima, kuma hakan ya dace. Ni na roƙi izni in rubuta kan wani mutum da ba malami ba ne, ba attajiri ba, ko hotonsa ma ba mu da shi a gida. Mahaifin kakata ne, wadda ta haifi babana. A gidanmu Baba Soja ake ce masa, har mu da ba mu taɓa ganinsa ba. Ya je yaƙin duniya na biyu cikin rigar sojan Faransa, ya komo Maraɗi da ƙafarsa, damina biyu ya yi Allah ya karɓi abinsa.

Ruwa ne ya sa na san labarinsa. A daminar 2024, wadda kowa a Maraɗi yake tune da ɓarnar da ta yi, bangon ɗakin Kaka ya jiƙe ya tsage, muka shiga fitar da kaya kafin ya faɗi. Ƙarƙashin gadonta muka jawo wani akwatin ƙarfe da ya yi tsatsa. Cikinsa akwai jar dara da asu ya ci rabinta, da kofin ƙarfe da ya lotse, da igiya mai ƙulli talatin da uku, da wani ɗan littafi naɗe cikin tsumma. Kaka ta karɓe shi, ta juya, ta miƙo mini, ta ce: "Maigidana, kai da anka sa lakwal, karanta mini abin da nasara ya rubuta kan ubana."

Littafin sojansa ne. Da dare na kai labarin fadarmu, ana zuba shayi na biyu. Ban gama ba wani abokina ya tare ni: "To mi za a tuna? Ai yaron nasara ne. Irinsu ne sunka riƙe musu bindiga sunka ci ƙasar." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma abin ya tsaya mini a rai, don a daren ba ni da amsa. Na yi shekara ina karatu a jami'a, ina kuma zama gaban Kaka duk hutu da wayata a kunne tana ɗaukar muryarta. Wannan rubutu shi ne abin da na tara.

Jar dara da tarihinta

Bari mu fara da gaskiyar da ke cikin maganar abokina, don akwai ta. Rundunar da Faransawa ke kira tirailleurs sénégalais, gwamnan Senegal Louis Faidherbe ne ya kafa ta a 1857. Sunan Senegal ya manne mata, ko da yake daga baya sojojinta sun fito daga ko'ina: Bambara, Mosi, mutanen Gine da Dahome, da namu Zabarmawa da Hausawa. Da wannan runduna Faransa ta ci ƙasashen Afirka ta Yamma ɗaya bayan ɗaya. Ayarin Voulet da Chanoine da ya ratsa ƙasarmu a 1899, ya ƙone Lugu garin Sarauniya, ya yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, turawan cikinsa ba su wuce goma ba. Sauran masu bindiga duk baƙar fata ne. Kuma su ɗin ne dai suka juya suka harbe Voulet da Chanoine a watan Yulin shekarar, kusa da Maijirgi a yankin Tasawa, inda kaburburansu suke har yau. Ke nan jar dara tana da jini a jikinta, ba wanda zai musa.

Amma tsakanin 1899 da lokacin da aka ɗauki Baba Soja shekara arba'in ce, kuma hanyar shiga soja ta canza. A yaƙin duniya na farko Faransa ta kwashi kimanin mutum 200,000 daga yankunanta na Afirka baƙar fata, kusan 30,000 ba su komo ba. Da yaƙi ya ƙare ba ta daina ba. A 1919 ta kafa doka cewa kowace shekara za a ɗibi samari a Afirka ta Yamma, ko ana yaƙi ko ba a yi, kowa ya yi shekara uku. Ayarin ɗiba yakan zo da kumandan da hafsan soja da likita. A tara samari masu kimanin shekara ashirin, a tuɓe su, likita ya duba haƙora da ƙirji da ƙafa, waɗanda suka yi kuma a jefa musu ƙuri'a. Kashi na farko su tafi bariki. Kashi na biyu, daga 1926, ana iya tura su aikin tilas na hanya da gine-gine. Nijar ba ta ba da yawan da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da ƙasar Mosi suka bayar ba, amma kowane yanki da adadin da aka yanka masa, kuma dole ya cika.

A lokacin mutumin Nijar ba ɗan ƙasa ba ne a idon doka, talakan mallaka ne. Ƙarƙashin dokar da ake kira indigénat, kumanda na iya ci maka tara ko ya ɗaure ka na kwanaki ba tare da an kai ka gaban alƙali ba. Abin da ya rage wa talaka shi ne ƙafarsa. Mu nan iyaka na kusa, don haka da an ji ƙishin-ƙishin ɗiba sai samari su sulale Jibiya ko Katsina wajen dangi, har ƙura ta lafa. Wasu can suka zauna, wasu ma can suka shiga sojan Ingila aka kai su Bama. Idan adadi bai cika ba sai a matsa wa masu gari, su kuma su matsa wa gidajen da ba su da mai tsaya musu.

Haka ta faru a gidanmu. Wan Baba Soja ne aka rubuta, shi kuwa ya riga ya ƙetara. Ga yadda Kaka ta ji daga bakin uwarta: "Anka kama tsohonsu anka tsare, kwana ukku. Anka ce ba a sakinshi sai ɗa ya hito. Shina gona bakin gulbi anka gaya mishi. Ya aje hauya, ya zo ya ce ga ni. Ni ina goye a lokacin."

A shafin farko na littafin an rubuta sunansa yadda kunnen bature ya ji, har sai da na maimaita sau uku kafin Kaka ta gane. An sa an haife shi "wajen 1918". Sana'a: manomi. A gurbin ilimi an sa sifili. Mutumin da ya yi shekaru a makarantar allo, wanda ƴan unguwa ke kawo wa wasiƙa ya rubuta musu da ajami, shi ne aka yi wa sifili. Da na fassara wa Kaka wannan layi sai ta yi tsaki, ta ce in wuce gaba.

Wata takwas na jira, mako shida na wuta, shekara huɗu a tsare

Faransa da Ingila sun shelanta yaƙi kan Jamus ranar 3 ga Satumba 1939. Aka yi watanni ana kallon juna, sai ranar 10 ga Mayu 1940 Jamus ta afka. Cikin mako shida sojan Faransa ya watse, aka sa hannu kan takardar ajiye makamai ranar 22 ga Yuni. Sojojin Afirka na cikin waɗanda aka bari su tare hanya a bakin kogin Somme da kewayen birnin Lyon.

Abin da ya same su ya bambanta da na takwarorinsu farar fata. Shekaru ana cusa wa sojan Jamus cewa baƙin soja dabba ne, saboda haka a wurare da dama idan runduna ta miƙa wuya sai a ware baƙaƙe gefe a harbe su. A Airaines, ranar 7 ga Yuni, an harbe Kyaftin Charles N'Tchoréré, mutumin Gabon, don ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi. A Chasselay, kusa da Lyon, ranar 20 ga Yuni, an kora fursunoni cikin fili tankoki suka buɗe musu wuta. Maƙabartarsu tana nan, an zagaye ta da jan gini irin na ƙasar Sudan. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya a watannin Mayu da Yunin 1940 tsakanin 1,500 da 3,000.

Baba Soja ya tsira daga wannan. Littafinsa ya nuna an kama shi cikin Yunin 1940. Fursunonin Faransa farar fata Jamus aka kai su, amma baƙaƙe da Larabawan Magrib aka bar su cikin Faransa a sansanonin da ake kira Frontstalag, don ƴan Nazi ba su son su taka ƙasarsu, suna kuma tsoron cututtuka. Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Senegal na farko, a irin wannan sansani ya zauna a Poitiers har aka sake shi a 1942 saboda rashin lafiya. Ana fitar da su saran itace a daji, da aikin gona, da na masana'anta. Daga 1943 kuma, da Jamus ta buƙaci mazanta a fagen Rasha, a sansanoni da yawa Faransawa ne aka sa su tsare su. Ku dubi wannan da kyau: ka zo daga bakin gulbi don ka kare ƙasar mutum, sai ga shi shi ne tsaye kanka yana gadinka a madadin abokin gaba.

Sanyi da yunwa da cunkoso su ne abincin tarin fuka, kuma ya kashe fursunonin Afirka da yawa. Abin da Kaka ta riƙe daga hirar ubanta kaɗan ne, amma ba ta manta ko ɗaya ba. Ya ce ruwa kan daskare cikin bokiti, sai ya yi taimama a jikin bango. Ya ce idan an raba nama bai san na mene ne ba sai ya musanya da burodi. Wani fursuna mutumin Aljeriya ne ke gaya musu idan watan azumi ya kama. Tasbaharsa ta ɓace ranar da aka kama su, shi ne ya ƙulla igiyar nan da muka tarar a akwati. Ya kuma riƙa ambaton wata tsohuwa Bafaranshiya da ke miƙo masa safa da dankali ta cikin waya, bai taɓa faɗin sunanta ba sai ya sa mata albarka.

Nan gida ma ba a huta ba. Gwamnan Afirka ta Yamma a Dakar, Pierre Boisson, ya bi gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus har Nuwamban 1942, alhali Cadi ƙarƙashin Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun Agustan 1940, Nijeriya kuma ta Ingila ce. Sai hanyar Maraɗi zuwa Katsina, da mutane ke bi tun kaka da kakanni, ta koma iyakar abokan gaba, ana sintiri. Tufafi suka yi wuya, ga lanho, ga karɓar hatsi da dabbobi da sunan yaƙi.

Uwar Kaka ta yi shekaru ba labari. Dangi suka fara maganar ta kai ƙara wajen alƙali, tunda a mazhabarmu ta Malikiyya matar wanda ya ɓace tana iya kai ƙara, a yanka mata shekara huɗu, in bai bayyana ba ta yi idda ta yi aure. Haƙƙinta ne, ba wanda zai zarge ta. Ana cikin haka wani soja mutumin wajen Tasawa, cikin marasa lafiyar da Jamusawa suka saki, ya biyo ta Maraɗi ya nemi gidan, ya ce ya bar shi da rai. Kan wannan kalma ɗaya ta zauna tana saƙa da sayar da ƙuli-ƙuli har ya komo.

Sakayya

Ranar 15 ga Agusta 1944 sojojin ƙawance suka sauka a gaɓar Provence, kudancin Faransa. Babban kaso na rundunar Faransa da ta sauka ƴan Afirka ne, na Magrib da na kudu da Sahara, kuma da su aka ƙwato Toulon da Marseille kafin ƙarshen watan. Amma da kaka ta yi sai aka janye baƙaƙen sojoji daga fagen daga, aka karɓe kayansu aka ba samarin Faransa. Su da kansu suka sa wa abin suna blanchiment, wato farantawa. An ce don sanyi ne. Sakamakon dai shi ne da aka shiga Jamus da nasara ba a gan su a sahu ba.

Fursunoni irin su Baba Soja, da aka buɗe sansanoninsu a lokacin, sai aka tara su wasu barikoki suna jiran jirgi. Suna bin albashin shekara huɗu na zaman fursuna da kuɗin sallama. Rukunin farko ya tashi daga Morlaix ranar 5 ga Nuwamba 1944 cikin jirgin ruwa Circassia, ya iso Dakar ranar 21, aka kai su barikin Thiaroye. Suka ce ba su watsewa garuruwansu sai an biya su, don sun san wanda ya koma ƙauye ya yi bankwana da kuɗinsa. Da safiyar 1 ga Disamba aka zagaye su da motocin yaƙi aka buɗe wuta. Hukumar soja ta ce mutum 35 suka mutu. A 2014 shugaba François Hollande ya ce aƙalla 70. Masana tarihi da dama sun ce ɗaruruwa ne. Cikin waɗanda suka tsira an yanke wa 34 hukuncin ɗauri da sunan tawaye. Sai a Nuwamban 2024, shekara tamanin bayan abin, shugaban Faransa Emmanuel Macron ya amsa a rubuce cewa kisan kiyashi ne. Wanda bai ga fim ɗin Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène na 1988 ba, ya nema ya gani.

Baba Soja a wani jirgin baya ya zo, cikin 1945. Labarin Thiaroye ya riga ya zaga duk barikoki. Abin da aka miƙo masa ya karɓa bai ƙirga ba. Kaka ta ce uwarta ta taɓa tambayarsa ina kuɗin shekara bakwai, ya ce mata: "Waɗanda sunka tambaya suna ƙarƙashin ƙasa."

Garin da ya tarar

Hanyar gida doguwa ce: jirgin ruwa zuwa Kwatano, jirgin ƙasa zuwa Paraku inda dogo ya ƙare, sai babbar mota zuwa bakin kogin Isa, a yi fito a Gaya, a bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Duk tsawon hanya garin da ke cikin kansa shi ne tsohuwar Maraɗi ta cikin kwari, bakin gulbi, mai inuwa da lungu-lungu. Da ya iso ba ta nan. A daminar 1945 Gulbin Maraɗi ya cika ya ci garin, hukuma ta tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka sabbin filaye da tituna miƙaƙƙu. Unguwannin da muka sani yau, su Bagalam da Limanci da Mokoyo da Ɗan Gulbi, nan aka sake kafa su.

Kaka tana da shekara bakwai ko takwas. Ta ce: "Muna wasa sai ga wani dogo, ramamme, da jar hula da akwati a kai, shina tambayar gidanmu. Ya riga ya tahi kwari ya iske kufai, ya zaci dut mun mutu. Da anka ce mini wanga ubanki ne, sai na ruga na ɓoye bayan rumbu." Tsohon da ya fansa da kansa kuwa ya riga ya rasu shekara biyu kafin nan.

Shekarar da ya komo, 1946, ita ce shekarar da abubuwa suka fara sauyawa. An soke indigénat. Ranar 11 ga Afrilu dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas, ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ce mutanen yankunan mallaka ƴan ƙasa ne. A Yamai aka kafa jam'iyyar PPN. Jinin da ƴan Afirka suka zubar a Turai yana cikin hujjojin da wakilanmu suka riƙe a majalisar Paris. Ƴan mazan jiya da yawa sun samu aikin gardi, ko direba, ko tafinta, tunda sun ji Faransanci. Shi ma an kira shi aikin gardi. Ya ce a gode, shi ya gama riƙe wa wani bindiga, ya koma gonarsa ta gero da gujiya.

Ba zan ɓoye muku ba, ba mutumin da ya tafi ba ne ya komo. Idan aka yi tsawa da dare yakan zabura ya faɗa ƙarƙashin gado yana ihu da wani harshe. Ya zama mai saurin fushi, yara na gudunsa. Wasu suka ce iska ce ya gamu da ita a ƙasar turawa, aka yi ta rubutu da turare. Yau likitoci sun san wannan ciwo na wanda ya ga tashin hankalin yaƙi, a lokacin kuwa sunansa kawai "sojan nan ya taɓu". Duk da haka kullum yana sahun farko da asuba, kuma jar darar da ta jawo masa wannan duka bai yar da ita ba, yakan kakkaɓe ta ya mayar akwati.

Tari ya fara tun a hanya. Damina ta farko ya yi noma. Ta biyu rabin gona ya iya. Da jini ya fara fita sai ya ware kansa a zaure, ya ware ƙwaryarsa da kofin ƙarfen nan, ya hana yara shiga, don ya ga yadda ciwon ke bin mutane a sansani. Maganin farko mai kashe ƙwayar tarin fuka, streptomycin, a shekarun nan ne aka fara gwada shi a Amurka da Ingila, ina shi ina zauren talaka a Maraɗi. Kaka ce ke kai masa kunu ta ajiye bakin ƙofa. Ta ce yakan ce ta tsaya nesa ta biya masa karatun allonta, yana gyara mata. Bayan an gama girbi, ɗari na shigowa, ya rasu, a ƙarshen 1947, bai cika shekara talatin ba. Aka yi masa sutura, aka kai shi sabuwar maƙabarta kan tudu. Uwar Kaka ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, bayan jiran shekara bakwai da zaman shekara biyu.

Takarda

Da ta fita takaba wan mijinta, wanda aka tafi a madadinsa, ya raka ta wani biro da littafin. Sau uku suna zuwa. Aka ce ina takardar aure. Aurensu liman ne ya ɗaura gaban shaidu, ba a rubuta ko'ina ba. Aka ce ina takardar likita da ta nuna a bakin aiki ya kamu da ciwon. Babu, tunda ranar sallama an rubuta lafiyarsa lau. Aka miƙo mata littafin. Ta naɗe shi cikin tsumma ta sa akwati, ba a sake buɗewa ba sai a hannuna. Na duba shafin intanet na ma'aikatar sojan Faransa, Mémoire des hommes, inda aka jera waɗanda aka amince sun mutu saboda yaƙin. Na gwada sunansa ta kowace irin rubutawa, ba ya ciki. Wanda harsashi ya samu a Somme an ƙirga shi. Wanda ya ɗauko ajalinsa a ƙirji ya kawo gida, lissafi bai san da shi ba.

Waɗanda suka yi tsawon rai ma ba su tsira ba. Dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da ke samun ƴanci, abin da ake kira cristallisation. Na Bafaranshe na ƙaruwa kowace shekara, na ɗan Afirka da suka kwana rami ɗaya yana tsaye. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun gwamnati ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. Fim ɗin Indigènes na 2006 ya sa an gyara wani sashe, cikakken daidaito kuwa sai daga Janairun 2011, lokacin da mafi yawansu sun kwanta dama.

Amsata ga abokina

Yanzu muna zamanin da ake sake duba tarihin mulkin mallaka. Sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023. A Oktoban 2024 an sauya wa titin de Gaulle na Yamai suna zuwa Djibo Bakary, ginin tunawa da matattun yaƙoƙin duniya biyu kuma aka sa masa Bubandey Batama. Tsorona shi ne cikin zafin wannan lokaci mu haɗa mai ɗaurewa da wanda aka ɗaure mu zuba kwando ɗaya. Akwai waɗanda suka shiga soja da son ransu, akwai waɗanda suka zalunci ƴan'uwansu da rigar. Baba Soja kuwa da igiya a wuyan ubansa aka ɗauke shi. Ya ba da kansa fansar tsoho, ya riƙe sallarsa inda ruwa ke zama dutse, da ya ga zai cutar da ƴaƴansa ya ware kansa. Faransa ta ci ƙarfinsa ta hana shi haƙƙinsa. In mu ma muka ce ba namu ba ne, to an zalunce shi sau biyu ke nan, na biyun kuma da hannunmu.

Ga abin da nake roƙon ƙungiya. Tsofaffin da suka ga waɗannan mutane da idonsu sun haura tamanin. Kowane reshe, Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, ya sa ƴan'uwa biyu ko uku su zaga gidaje da waya, su nemi izni, su ɗauki muryar tsofaffi, su ɗauki hoton duk littafin soja ko lambar yabo da aka samu, su bar wa masu shi asalinsa. Lambar da ke shafin farko ita ce mabuɗi, da ita ake neman bayanin mutum a gidan ajiyar takardun soja da ke Pau a Faransa. Abin da muka tara mu kai kwafinsa jami'o'inmu.

Na biyu ya fi gaggawa. Sojojinmu na yau suna mutuwa a Difa da Tilaberi, ba mu manta da Inates a Disamban 2019 da Cinagodar a Janairun 2020 ba, wasu kuma sun komo da ciwon da ba a gani a jiki. Matansu da marayunsu suna cikin unguwanninmu. Mu da muka yi lakwal mu raka su biro, mu cika musu takardu, mu kuma riƙa tunatar da duk wanda aka ɗaura wa aure ya je ya yanki takardar aure da ta haihuwar ƴaƴansa. Rashin takarda ɗaya ne ya mayar da uwar Kaka gida hannu sake.

Na karanta wa ƴan fadarmu wannan rubutu kafin in miƙa shi. Abokin nan nawa ya yi shiru, can ya ce shi ma akwai wani akwati a ɗakin gwaggonsa a Tsibiri, in shirya mu je ranar Lahadi. Kaka kuwa da na gaya mata za a buga labarin ubanta a littafi, ba ta tambayi ko za a sa sunansa ba. Cewa ta yi: "Ka ce musu su yi mishi addu'a."

To ga saƙonta na isar. Allah ya jiƙan Baba Soja, ya gafarta masa, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Allah ya jiƙan matar da ta jira shi, da duk ƴan'uwansa da ke kwance a Chasselay da Thiaroye da maƙabartun garuruwanmu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.